Tuwo a tsarin maki: don Allah yaya kuke lissafinsa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa bin tsarin rage ƙiba na Weight Watchers, wanda ake ba kowane abinci maki ana ƙirgawa. Watan jiya na je ganin likita a nan Manchester, aka auna ni kilo 97, aka kuma ce sugana ya kai bakin iyaka, bai zama ciwo ba tukuna amma ya kama hanya. Mahaifiyata da ciwon suga ta rasu, don haka hankalina ya tashi ƙwarai. Na yi rajista, aka ba ni maki 25 a rana da ɗan ƙari na mako. Yau kwana tara ke nan daga ganye sai dafaffiyar kaza sai yogot. Tukunya biyu nake ɗorawa, tawa daban ta maigida da yara daban. Jiya da dare bayan kowa ya kwanta na shiga kicin na cinye ragowar tuwon da na ajiye don ɗumame, a tsaye, ina ci ina hawaye. Shin akwai yadda za a bi wannan tsari da abincinmu, ko sai mutum ya yi bankwana da tuwo?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Share hawayenki ƙanwata, ba ki yi laifin komai ba, yunwa ce ta kwana tara ta biyo bashinta. Shekarata biyu a kan tsarin, na sauke kilo 14, kuma ban taɓa yin mako guda ban ci tuwo ba. Abu na farko: sauke tukunya ta biyu. Matar da ke girki biyu kullum ga aiki ga yara ba za ta kai wata ba.

Ga yadda nake yi. A manhajar tsarin ta waya akwai wurin da za ki shigar da girkinki da kanki. Ki sayi ɗan sikelin kicin, ki auna garin tun yana busasshe kafin ki yi talge. Giram 100 na garin masara ko shinkafar tuwo wajen kalori 350 ne. Ki shigar da nauyin garin gaba ɗaya, in kin kwashe ki ƙirga malmala nawa ya fitar, manhajar ta raba miki. Sau ɗaya za ki yi wannan wahalar, gobe sai dai ki latsa. Sharaɗin kawai marar da kike kwasa da ita ta zama guda ɗaya kullum. Ni ƙaramar mara na ware, tawa malmalar ba ta wuce dunƙulen hannuna.

Maman Ilham: Anti, dunƙulen hannu fa? Wallahi ba zai kai min ko'ina ba.

Anti Bilki: Zai kai in kin juya lissafin. Mu mun saba tuwo ya cika kwano, miya ta zama abin dangwale. Yanzu miya ce za ta cika kwanon. Kuka, kuɓewa ɗanya ko busasshiya, karkashi, ayoyo, alayyahu, kabewa, duk ba su da makin kirki. Ki zuba kifi ko tsokar kaza a ciki da yawa, ki sha miyar da cokali kamar farfesu, ki bi da 'yar malmalarki. Makon farko ido ne ke jin yunwa, ciki kam ya ƙoshi.

Ummu Sadiq: Ina goyon bayan Anti Bilki, amma bari in taɓo inda makin ke zurarewa ba a sani ba, don a wurin aiki kullum ina fama da wannan da matanmu. Mai ne. Babban cokali ɗaya na man girki wajen kalori 120 ne, maki 4 ke nan. Maman Ilham, tsakani da Allah, in za ki yi miyar dage-dage mai nawa kike zubawa?

Maman Ilham: Ban taɓa aunawa ba Yaya. Ina tuttulawa ne har sai na ga ya isa soya kayan miya. Zai kai kofi ɗaya.

Ummu Sadiq: To mu lissafa. Kofi ɗaya cokali 16 ne, kalori kusan 1,900, maki 64. Ko an raba miyar gida takwas, kowane zubi ya tafi da maki 8, ba a zo kan shinkafa ba, ba a zo kan nama ba. Kofin dafaffiyar farar shinkafa kansa wajen maki 6 ne. Kin ga man da ke yawo a saman miyar ya fi shinkafar da kike tsoro tsada. Dalili kuwa, giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitacin tuwo ko na sinadarin gina jiki da ke cikin nama 4.

Shi lissafin makin ba kalori kaɗai yake dubawa ba. Sukari da kitse mai daskarewa suna ɗaga shi, sinadarin gina jiki da harza irin ta wake da ganye suna sauke shi. Shi ya sa manja da man shanu suka fi man gyaɗa maki, don kusan rabin manja kitse ne mai daskarewa. Ban ce a daina manja ba, miyar taushe ba manja ai ba ta yi ba. A auna dai. Ni cokali uku nake sa wa tukunyar gida gaba ɗaya. Ina fara tafasa markaɗen sai ruwan ya ƙone tsamin ya fita, sannan in soya albasa da daddawa a ɗan man in juye. Shekara guda maigida bai gane an canza komai ba sai da na faɗa masa.

Hajiya Ladi: Ni dai 'ya'yan nan kuna ba ni tausayi. Abinci ni'imar Allah ce, yanzu an mayar da shi jarrabawar lissafi. Mu da muka taso ana zuba man shanu a tuwo har ya kwanta, ga mu da ranmu. Ke Maman Ilham ki yi a hankali, kar ki je gida hutu a ce mijinki ba ya ciyar da ke.

Maman Ilham: Hajiya ina wuni. Wannan maganar tana raina wallahi. Da na haifi Ilham na yi jiki, kowa a gida cewa yake aure ya karɓe ni. Amma ni na yi jinyar Umma. Ni nake wanke mata ƙafar da ta ƙi warkewa. Ba na so Ilham ta yi min irin wannan jinyar tana 'yar shekara ashirin.

Hajiya Ladi: Allah Ya jiƙan ta, Ya sa ta huta. Ban san haka ba 'yata.

Ummu Sadiq: Amin Hajiya. Kuma ku a zamaninku ai kun ci man shanun ne kun tashi kun yi surfe, kun yi daka, kun ja guga, kun taka zuwa unguwa da ƙafa. Mu nan wata bakwai ana sanyi, daga mota sai kujera. Sannan ba a ce ta rame ba. Ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta ta sauke, wato kilo 5 zuwa 10, suga da hawan jini suna jin bambancin. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar.

Rakiya: Ku yi haƙuri in kawo tawa, ko da ba za ta yi daɗi ba. Na yi ƙirgar nan wata goma, na sauke kilo 11. Da na daina, cikin shekara ɗaya da rabi 9 suka dawo. Ba na ɗora wa kowa laifi, ni na saki. Amma abin da na lura, na koyi lamba ban koyi jin ƙoshi ba. In na ga saura maki 6 da dare sai na nemo abin da zan cike su da shi ko ba na jin yunwa. In kuma na zarce sai in kwana da baƙin ciki kamar na yi saɓo. Ga kuɗin wata-wata. Ni yanzu hadisin nan na riƙe, sulusi na abinci, sulusi na ruwa, sulusi na numfashi, kuma kyauta ne.

Anti Bilki: Rakiya gaskiya kika faɗa, kuma babu mai ja da hadisi. Amma tambayata, kafin ki yi wata goman nan kin san yawan man da ke cikin miyarki? Ni ban sani ba. Na yi shekara ashirin ina ganin sulusi nake ci, ashe sulusin nawa na mutum biyu ne. Sikelin ne ya nuna min. Yanzu watanni ke nan ba na buɗe manhajar kullum, idona ya riga ya koya.

Rakiya: Wannan na yarda. Man kam har yau da cokali nake zubawa, shi kaɗai ne abin da ya zauna min.

Zulai: Salam 'yan uwa, daga Bronx. Tunda a garinmu abin ya samo asali bari in sa baki. Wadda ta kafa Weight Watchers, Jean Nidetch, matar aure ce a unguwar Queens nan New York. Wata ta gan ta a kanti ta ɗauka ciki gare ta, abin ya yi mata zafi. Lokacin nauyinta fam 214, Maman Ilham wannan kilo 97 ne, daidai naki. A 1961 ta fara tara ƙawayenta a falonta duk mako suna faɗa wa juna gaskiyar abin da suka ci a ɓoye, a 1963 ya zama kamfani. Ƙirga maki daga baya ya zo, a shekarun 1990. Asalin maganin zaman tare ne, irin wanda muke yi yanzu.

Ni 'yar zangon Kumasi ce, waakye muka tashi da shi, wato shinkafa da wake. Da shinkafa ce kashi biyu wake kashi ɗaya, yanzu na juya, wake biyu shinkafa ɗaya, tunda dafaffen wake ba shi da maki. Abin da na rage su ne 'yan rakiya: taliya, gari, soyayyen kifi, da shito mai iyo a mai. Ƙwai dafaffe da latas na bari.

Rakiya: Zulai, ki ƙarasa labarin mana. Kamfanin da kansa a 2023 ya sayi wani kamfanin da ke rubuta wa mutane allurar rage ƙiba, a 2025 kuma ya je kotu neman kariya saboda bashi. In ƙirgar ta isa, me ya kai su allura?

Ummu Sadiq: Haka aka yi, kasuwa ta juya wajen allurar. Amma wannan labarin kasuwanci ne, bai nuna auna abinci ba ya aiki ba. Akwai binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2011, mutum 772 a Birtaniya da Jamus da Ostireliya. Bayan shekara ɗaya, waɗanda aka tura tsarin sun sauke wajen kilo 5, waɗanda suka tsaya kan shawarar asibiti ta yau da kullum kilo 2 da 'yan kai. Kamfanin ne ya ba da kuɗin binciken, wannan ma a sani. Ki lura da lambar dai, kilo 5 a shekara. Ba abin al'ajabi ba ne, amma shi ne daidai abin da likitar Maman Ilham ke nema. Dawowar nauyi kuma, Rakiya, ba ke kaɗai ba ce, yana faruwa da kusan kowane tsari in an saki, har da allurar.

Amaryar Leeds: Don Allah ku yi min bayanin abincin da ba shi da maki. Ana nufin ko nawa na ci ba komai?

Anti Bilki: A'a amarya, nan mutane ke faɗawa rami. Jerin ya haɗa da ganyaye, 'ya'yan itatuwa, ƙwai, kifi, ƙirjin kaza ba fata, wake, yogot marar kitse marar sukari, har da awara. An cire musu maki ne don abinci ne masu ƙosarwa da wuya a zarce a kansu, amma kalorinsu na nan. Akwai watan da nauyina ya tsaya cak, da na bincika ayaba huɗu nake ci a rana da inabi kwano guda.

Sannan yadda aka sarrafa abu yana canza hukuncinsa. Awara ɗanya sifili, awarar da aka tsoma a mai ta sha ta ƙoshi kuwa sai an ƙirga. Ni gasa ta nake yi, ko in zuba ta a miyar alayyahu. Lemon zaƙi in kin ɓare kin ci sifili, in kin matse ruwan kin sha akwai maki. Haka mangwaron da aka markaɗa aka sha. Busassun 'ya'yan itace ma ana ƙirgawa, dabino na ciki. Wake dafaffe sifili, amma ɗan wake akwai garin rogo a ciki ga man da ake malala masa. Ƙosai da alale uwarsu ɗaya, amma ɗaya ya yi wanka a kasko ɗaya ya sha turiri, don haka ni alale nake yi da ƙwai da kifi a ciki, man cokali biyu.

Ummu Sadiq: Ƙari a kan wannan, kuma da muhimmanci: mai ciwon suga jerinta daban ne, 'ya'yan itatuwa ana ƙirga mata su. Duk wadda ke shan maganin suga ko take allurar insulin kar ta rage abinci sai ta yi magana da likitanta, suga na iya faɗuwa ƙasa ta yanke jiki. Mai ciki ba ta shiga tsarin sam. Mai shayarwa ana ƙara mata maki, ta tabbata ta faɗa lokacin rajista.

Wani abin kuma da makin ba ya gani shi ne gishiri. In an rage mai, hannu na saurin kai wa magi don a cike gurbin ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar a kai giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙule. Ki ƙara daddawa, citta, tafarnuwa, masoro, busasshen kifi, ki rage dunƙulen.

Amaryar Leeds: Na gode. Wata ta tallata min shayin rage tumbi a Instagram, ta ce kilo 10 a wata ɗaya ba sai na canza abinci ba.

Ummu Sadiq: Kar ki saya ƙanwata. Yawancinsu maganin gudawa ne ko na fitsari, ruwan jikinki za ki zubar sikeli ya yi ƙasa kwana biyu. Da shi da shakafashen da 'yan mata ke sha don su yi jiki duk tafiyarsu ɗaya, ba ki san me ke ciki ba, ƙoda ce ke biya.

Zulai: Ba wanda ya taɓo abin sha. Ni nan ne nawa ya fi yawa. Gwangwani ɗaya na lemo yana da sukari wajen giram 35, kusan sulusin makin yini ya tafi kuma ba ki ƙoshi ba. Ga shayi da madarar gwangwani mai zaƙi safe da yamma. Zoɓo kansa ba ruwansa, sukarin da muke juye masa ne. Yanzu da citta da kanumfari da ɓawon abarba nake dafa shi, sukari cokali ɗaya a jug.

Maman Ilham: Fura fa? Maigida yana kawo ta daskararriya daga shagon 'yan Afirka, kuma ita ce abincin darensa.

Anti Bilki: Fura gero ce, ki lissafa ta kamar tuwo. Rabin dunƙule, ki dama da yogot marar kitse maimakon kindirmo, ki bar sukarin ko ki sa kaɗan. Amma ta zama ita ce abincin daren, kar ta zama abin kora tuwo. Haka kunun gyaɗa, gyaɗa giram 100 ta haura kalori 550. Kwaɗon zogale ma da muke ganin ganye ne, ƙuli-ƙulin da man da ake zubawa su ne lissafin. Ni cokali biyu na garin ƙuli nake sawa, in ƙara tumatir da albasa da lemon tsami, ba na sa mai.

Hajiya Ladi: To in dai za a ci zogale da kuka da wake ne, ai abincin kakanninku ne, ni ba ni da ja. Mu da can nama sai ranar kasuwa, shinkafa sai sallah, lemon kwalba sai an yi baƙo. Ki nemi acca in ana samu a can, ba ta da nauyi a ciki. Dambu ma in zogalen ya rinjayi tsakin, an ci lafiya. Amma ranar suna ko biki kar ki je gidan mutane ki ƙi cin abincinsu, ba tarbiyya ba ce.

Anti Bilki: Hajiya don wannan aka yi makin mako. Ni nakan tara nawa in na san akwai taro ranar Asabar. In ci kafin in fita don kar in isa da yunwa, in ɗauki masa biyu da miyar taushe, tsire ko gasasshiyar kaza, in riƙe ruwa a hannu. Cincin da dubulan ɗin da aka ƙulla min in kawo wa yara. Ba wadda ta taɓa cewa na raina mata abinci. Abin da ya fi ba ni wuya azumi ne, don buɗa-bakinmu kusan duk daga kasko yake fitowa: ƙosai, dankali, doya da ƙwai, sambusa. Bara na tsayar da soye-soye ranar Juma'a kaɗai, sauran ranaku dabino uku ƙanana, kunun tsamiya kofi ɗaya, farfesu, sai bayan tarawihi ɗan tuwo. Manyan dabinon nan masu laushi kowane ɗaya ya haura kalori 60, guda nake ci in su ne.

Rakiya: Maman Ilham, roƙona ɗaya. Ranar da kika zarce, ki rubuta ki wuce, gobe ki ci abincinki yadda kika saba, kar ki rama da yunwa. Kuma kar ki riƙa ƙirga a gaban Ilham ko ki ce wannan abincin mugu ne. Tawa 'yar tana shekara tara ta fara tambayata maki nawa ne biredinta, a nan jikina ya yi sanyi.

Maman Ilham: Na riƙe wannan Rakiya, Ilham shekararta bakwai kuma komai na yi tana kallo. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Maman Ilham: Salam, na dawo da rahoto bayan mako uku. Tukunya ɗaya nake yi yanzu. Galan ɗin man da ke ƙarewa a mako uku ko rabi bai kai ba. Na sauke kilo 2 da ɗigo 3, kuma ban sake shiga kicin da dare ba. Jiya tuwon masara miyar kuɓewa da kifi muka ci gaba ɗaya a tire guda, na saka tawa malmalar a gefena. Wata uku za a sake gwajin sugan. Sai dai surukata za ta zo daga Zariya ƙarshen wata, za ta yi wata biyu, kuma ta riga ta aiko cewa ta soya man shanu kwalba biyu. Ita za ta so karɓar kicin. Anti Bilki yaya zan yi ban ɓata mata ba?

Anti Bilki: Masha Allah, barka! Kar ki ce mata rage ƙiba kike yi, za ta ce wa ya ce kin yi ƙiba. Ki sa ɗanta ya faɗa mata tun a hanyar filin jirgi cewa likita ya ce suganki ya hau. Man shanun kuma a soya shi da albasa a kawo a ɗan kwano daban, kowa ya zuba da hannunsa, ke ki ɗiga rabin ƙaramin cokali a gabanta ki yaba ƙamshin.

Hajiya Ladi: Ki bar ta ta yi miyar, ke ki riƙe kwasar tuwon. In ta ji maganar suga da kanta za ta fara dafa miki zogale.